Lagwanin sigarin lantarki: Dalilin da ya sa masu haɗa nasu suka koma ga audugar Japan

Duk wanda ya taɓa amfani da fitilar ƙwai ko risho ya san abin da ke faruwa idan kananzir ya ƙare: lagwani ne zai fara ci, ɗaki ya cika da ƙauri. Irin wannan matsalar ce ke damun masu zuƙar sigarin lantarki, sai dai su ƙaurin cikin huhu yake tafiya.

Wani mai harhaɗa magunguna ɗan China, Hon Lik, shi ne ya ƙirƙiro sigarin lantarki na zamani a 2003, kuma har yau a birnin Shenzhen ake ƙera mafi yawansu. Aikinsu bai da wuyar ganewa. Batir yana zafafa wata siririyar waya da aka naɗe, lagwani kuma yana tsotso ruwa mai ɗanɗano, galibi da nikotin a ciki, ya kai shi ga wayar ya zama tururi.

Yawancin mutane suna sayen wanda aka riga aka haɗa. Amma a Turai da Amurka da ƙasashe irin su Indunusiya da Malesiya akwai masu kwance na'urar, su naɗe wayar da hannunsu, su zura lagwanin da suka zaɓa.

Da farko zaren silika ne ya yi tashe, wani zare mai kama da na gilashi wanda wuta ba ta cinsa. Ana iya ƙona dattin da ya maƙale masa a sake amfani da shi. Sai dai ba ya jan ruwa mai kauri da sauri, kuma yana rududdugewa. A 2013 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Riverside sun gano ɓurɓushin silika da na ƙarfe a cikin tururin wani nau'in sigarin lantarki da suka gwada.

Wasu sun gwada ragar ƙarfe mara tsatsa. Tana daɗewa, amma dole a fara babbaka ta da wuta kafin a naɗa waya a kanta, in ba haka ba lantarki ya bi ta jikinta.

Auduga ce ta ƙwace kasuwar. Masu farawa da audugar kantin magani sukan tafasa ta su shanya, saboda tsoron sinadarin da aka faranta ta da shi. Daga baya hankali ya koma kan audugar Japan ta kamfanonin Muji da Koh Gen Do. Abin dariyar shi ne, don goge fuska da kwalliyar mata aka yi ta. Zarenta a jere yake ta fuska ɗaya, don haka idan aka yanka ta bin tsawon zaren, ruwa yana bi ba tare da tsaiko ba. Tana da araha, kuma ba ta cika ɓata ɗanɗano ba.

Amma auduga tana ƙonewa, kuma a nan haɗarin yake. Idan aka cusa ta da yawa cikin wayar, sai ta shaƙe, ruwa ya kasa wucewa. Idan ta yi kaɗan, ruwan ya tsiyaye ko ya fantsamo baki. Masu gogewa suna so ta wuce da ɗan tirjiya kaɗan, ba tare da ta janye wayar ba, sannan su jiƙa ta sharaf kafin zuƙar farko.

Lagwanin da ya bushe yana barin wayar ta yi zafi fiye da kima. A irin wannan zafin, gilisarin da sauran abubuwan da ke cikin ruwan suna rikiɗewa su fitar da sinadarai masu guba, ciki har da fomaldihaid da ke jawo ciwon daji. Wani rahoto da mujallar likitoci ta New England ta buga a 2015 ya nuna haka lokacin da aka ƙara wa na'urar ƙarfin lantarki. Wasu masana sun ce babu mai iya jure zuƙar irin wannan ƙaurin, kuma akwai gaskiya a maganarsu, amma mai sabon hannu yakan sha shi sau da dama kafin ya ƙware.

Ita ma wayar ba ta tsira ba. A 2018 masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins sun samu dalma da wasu ƙarafa a tururin na'urorin da suka karɓa daga hannun masu amfani da su. Lagwani, komai kyansa, ba ya tace waɗannan, ba ya kuma rage nikotin. Indiya ta haramta sayar da sigarin lantarki baki ɗaya tun 2019.

Akwai kuma rayon, zaren da ake sarrafawa daga ɓargon itace. Yana jan ruwa da sauri, amma yana motsewa idan ya jiƙe, don haka sai an cusa shi fiye da auduga.

Ruwa mai zaƙi sosai ya fi saurin lalata lagwani, domin abin zaƙin yana daskarewa a jikin wayar kamar ƙanzo. Masu shan irinsa sukan canja audugarsu bayan kwana biyu ko uku, da zarar ta yi baƙi.