Can (kalmar Turanci)

*Can* kalma ce ta Turanci da ke nuna iya yin wani abu. Tana cikin aikatau masu taimako, irin su *may*, *must* da *will*, waɗanda ake haɗawa da wani aikatau kafin ma'ana ta cika. A rubuce ta yi daidai da "can" ta Hausa mai nuna wuri mai nisa, amma ba su da dangantaka, kuma ta Turanci da sautin "k" ake fara furta ta.

Asali

Kalmar ta samo asali ne daga *cunnan* ta tsohon Turanci, wadda ke nufin sani. Daga wannan tushe *cunning* ta fito, wato wayo, kuma *können* ta Jamusanci 'yar'uwarta ce. A hankali ma'anar ta tashi daga sanin yadda ake yin abu zuwa ikon yin sa. Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin idan aka ce wani ya iya Larabci, ana nufin sani da iyawa a lokaci guda.

Siffarta ta shuɗaɗɗen lokaci ita ce *could*. Da can babu harafin "l" a cikinta. A ƙarni na 16 aka cusa shi don ta yi kama da *would* da *should*, kuma ba a furta shi.

Amfani

*She can swim* na nufin ta iya iyo. Amma a maganar yau da kullum kalmar ta wuce batun ƙwarewa. Ɗalibin da ya ce *Can I go out?* izini yake nema. Wasu malamai sukan dage sai an ce *may*, duk da cewa Turawa kansu sun fi amfani da *can* a hira. Haka kuma wanda ya ce *Can you shut the door?* ba ƙarfin mutum yake tambaya ba, roƙo yake a rufe ƙofa. Barack Obama ya yi amfani da ita a taken yaƙin neman zaɓensa na 2008 a Amurka, *Yes we can*.

Nahawu

Ba a ƙara mata "s", kuma *to* ba ta biyo bayanta, don haka *he cans* da *he can to drive* duk kuskure ne. Ana kore ta da *cannot* ko *can't*. Ba ta shiga bayan *will*, sai dai a ce *will be able to*.