Riƙo ko Fatauci? Yadda Talauci Ke Raba Mu da 'Ya'yanmu

Riƙon ɗan ɗan'uwa tsohuwar al'ada ce mai kyau a ƙasarmu. Da yawa daga cikinmu a gidan kawu ko goggo muka yi makaranta. Amma yau masu fataucin yara sun fake da wannan al'ada, don haka ya kamata mu san bambancin.

Wanda ke ɗauke yaro sau da yawa ba baƙo ba ne. Takan zama 'yar gari da ta dawo hutun Kirsimeti daga birni, ko wani da ya zo da sunan gidan marayu. Sukan zo lokacin da rumbu ya ƙare, ko kuɗin makaranta ya gagara, ko kuwa a sansanin 'yan gudun hijira. Sai a ba iyaye ɗan kuɗi da alkawarin makaranta. A kai yarinya Abuja, Legas ko Fatakwal, a miƙa ta ga wani gida aikatau. Albashinta hannun dillaliya yake shiga kowane wata. Ita kuwa tun asuba tana wanke-wanke da raino, ba aji, ba hanyar kiran gida. Yara maza kuma sukan ƙare a ramin haƙar kuza, wurin fasa dutse ko gonakin koko a kudu.

Ba muna cewa yaro kada ya taya iyayensa aiki ba. Shara, ɗiban ruwa da zuwa gona ranar Asabar horo ne. Aikin da muke magana a kai shi ne wanda ya hana yaro karatu, ya fi ƙarfinsa, ko wani ke cin ribarsa. Rahoton hukumar ƙwadago ta duniya da UNICEF na 2021 ya ce yara miliyan 160 ne ke irin wannan aiki a duniya. A Najeriya an kafa hukumar NAPTIP a 2003 don yaƙi da safarar mutane, dokar 2015 kuma ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida.

Wannan masifa ba sabuwa ba ce. A Nehemiya sura 5, yunwa da bashi da haraji suka sa Yahudawa suka ba da 'ya'yansu bauta ga 'yan'uwansu. Nehemiya bai tsaya zargin iyayen ba. Masu ba da bashin ya kira, ya sa suka mayar da gonaki. Ya gane cewa tushen matsalar talauci ne.

Mu ma nan za mu fara. Bari dattawan ikilisiya su san gidajen da abinci ya yanke musu a damina, a taimaka da hatsin baiko. Zumuntar Mata ta lura da gwauraye da marayu. Kafin yaro ya bar gari, a tambaya: Gidan wa zai zauna? Wace makaranta? Wace ikilisiya ce a can za ta riƙa duba shi? Yaushe zai dawo? Mai riƙo na gaskiya ba ya gudun waɗannan tambayoyi. Idan an ƙi amsawa, a sanar da NAPTIP ko 'yan sanda.

Mu da ke birni kuma mu duba gidajenmu. Yarinyar da ke mana aiki, tana zuwa makaranta kamar 'ya'yanmu? Ubangiji ya ba mu zuciyar gyarawa. Amin.