Jarka biyu a yini: abin da tsimin ruwa ya ci wa Cape Town

A watan Janairun 2018 hukumomin Cape Town da ke Afirka ta Kudu suka sanar cewa ranar 12 ga Afrilu za a rufe famfunan birnin. Shekara uku a jere, daga 2015 zuwa 2017, sama ta yi rowa, har madatsar Theewaterskloof, wadda ta fi kowace girma a yankin, ta koma filin ƙura da kututturan itatuwa. Shirin shi ne da zarar ruwan madatsun ya sauka zuwa kashi 13.5 cikin ɗari, mutum kusan miliyan 4 za su riƙa bin layi a wurare 200, kowa ya karɓi lita 25.

Daga 1 ga Fabrairu aka yanka wa kowane mutum lita 50 a yini. Jarka biyu ke nan ta ɗan garuwa, kuma a ciki za ka sha, ka yi girki, ka yi wanka da wanki, ka kora banɗaki. An hana wankin mota da ba fulawa ruwa daga famfo. An tsawwala kuɗi a kan masu kwasa da yawa, gidan da ya yi kunnen ƙashi kuma aka ɗaura masa na'urar da ke datse ruwa idan ya cinye rabonsa. Birnin da ke shan lita miliyan 1,200 a yini a 2015 ya dawo kusan miliyan 500. Aka yi ta ɗage ranar rufewar har ruwan sama ya sauka a watan Yuni.

Masu suka suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Hukumar birni da sayar da ruwa take samun kuɗin gyaran bututu. Da mutane suka rage sha, asusu ya rame, sai aka ƙara farashi: ka yi biyayya, a saka maka da tsada. An yanke wa manoma kusan kashi 60 cikin ɗari na ruwansu, dubban 'yan ƙwadagon gonakin inabi da tuffa suka rasa aiki. Mazauna unguwannin talakawa irin su Khayelitsha kuwa, da yawansu tun fil azal da bokiti suke layi a famfon unguwa. Wa'azin tsimi ga irin waɗannan, ihu ne bayan hari.

Duk da haka, a ganina kwalliya ta biya kuɗin sabulu, sai dai ba kowane mataki ba. Wanda ya fi amfani shi ne wanda ba a yi ta yayatawa ba: injiniyoyi suka rage ƙarfin turin ruwa a cikin bututu unguwa-unguwa, suka bi yoyo suna toshewa. Idan turi ya ragu, abin da ke tsiyaya ta tsagar bututu yakan ragu, famfon gida ma ya daina feshi, ba tare da an roƙi kowa ba. Gwada wannan da masana'antu uku na wucin gadi da aka kafa a gaggauce don tace ruwan teku, a Strandfontein da Monwabisi da bakin tashar jiragen ruwa. Gaba ɗayansu lita miliyan 16 aka tsara su bayar a yini, a kan tsada, kuma cikin 'yan shekaru aka rufe su. Litar da aka hana zubewa ta fi litar da aka tato daga teku araha nesa ba kusa ba.

Mai karatu a Kano ko Zinder zai yi murmushi, domin jarka biyun da ta tayar da hankalin Cape Town ita ce rayuwar yau da kullum a gidaje da yawa a nan. Shi ya sa bai kamata a kwafo mana dokar lita 50 ba. Wanda ke sayen ruwa a kura ba ya buƙatar a koya masa tattali. Aljihunsa ya riga ya koya masa. Ɓarnar tana wani wuri: fasasshen bututun da ke malala a titi mako guda, da tankin sama da ke ambaliya har gari ya waye, da manyan gidaje da wuraren wankin mota da ke biyan kuɗin bai ɗaya ba tare da mita ba.

Kafin gwamnatocinmu su sake ciwo bashi don gina sabuwar matatar ruwa, su fara auna nawa ke barin matatun Tamburawa da Challawa na Kano, nawa kuma ke isa famfon mutane, su sanar da jama'a bambancin.