Me Ya Sa Zafin Sakkwato Ba Ya Kashe Bakteriya?

A watan Afrilu, zafin rana a Dundaye, garin da ke maƙwabtaka da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, yakan haura digiri 40. Mutane da yawa sun ɗauka irin wannan zafi ya isa ya ƙone duk wata ƙwayar cuta da ke cikin nono ko miyar da ta kwana. Ina! Bakteriyar E. coli, mazauniyar hanjin ɗan Adam, ta fi sakewa a digiri 37, kuma ko an kai 42 hayayyafarta take yi.

Zafi dai yana yi mata lahani. Kusan duk aikin da ke gudana a cikin ƙwayar, furotin ne ke yin sa, kuma kowane furotin zare ne da sai ya naɗe cikin wata siffa ta musamman kafin ya yi amfani. Zafi yana warware naɗin, zarurrukan su manne da juna su dunƙule. Abin da ke faruwa ke nan ga farin ƙwai idan an dafa shi.

A nan ne wasu furotin 'yan rakiya, waɗanda masana ke kira shaferon, ke shigowa. Da zafi ya tashi, cikin 'yan mintoci bakteriya takan ƙara yawan su. Daga cikinsu, DnaK tana kama zaren da ya warware, ta riƙe shi kada ya manne da wani. ClpB tana zaro waɗanda suka riga suka dunƙule. Wadda ta fi ba ni mamaki ita ce GroEL: sassa 14 ne, an jera su zobe biyu, bakwai-bakwai, kamar tukunya mai murfi. Murfin shi ne GroES. Furotin da ya lalace ya shiga, a rufe shi na kusan daƙiƙa 10, ya sake naɗewa shi kaɗai ba mai takura masa, sannan a buɗe ya fita. Idan bai gyaru ba, a maimaita.

Ɗan ƙasar Italiya Ferruccio Ritossa ne ya fara lura da wannan martani ga zafi a 1962, a jikin ƙudan 'ya'yan itace ma, ba bakteriya ba. Ulrich Hartl da Arthur Horwich suka samu lambar yabo ta Lasker a 2011 saboda bayyana yadda irin wannan tukunya ke aiki.

Ga inda batun ya shafi mai ɗumame da mai tallan fura: bakteriyar da ta ɗanɗani matsakaicin zafi ta riga ta tara 'yan rakiyarta, don haka ta fi jure zafin da zai biyo baya. Miyar da ta wuni cikin zafin bazara, aka ɗan ɗumama ta da yamma, ba lallai ta tsira daga bakteriya ba. Masana'antun madara sukan kai madarar digiri 72 na daƙiƙa 15, zafin da ke lalata su kansu 'yan rakiyar. A gida, inda babu ma'aunin zafi, sai a bar miyar ta tafasa sosai.