Ɗan juma da ɗan jummai: yadda kula da matasa ya rabu da aikin jin daɗin jama'a a Birtaniya

Idan muka waiwayi Landan ta shekarun 1840, za mu tarar da samarin ƙauye da kantuna da masana'antu suka janyo cikin birni, suna aiki daga safiya har dare, babu uwa babu uba a kusa. Ɗaya daga cikinsu, George Williams, yaron kantin yadi, ya tara abokan aikinsa a 1844 suka kafa ƙungiyar samarin Kirista ta YMCA, domin su sami wurin ibada da karatu maimakon mashaya. A 1883 William Smith ya kafa Boys' Brigade a Glasgow, sannan a 1907 Baden-Powell ya yi zangon gwaji da yara a tsibirin Brownsea, wanda daga nan ne 'yan sikawut suka samo asali.

A wannan zamanin ne kuma aikin jin daɗin jama'a ya tsiro, daga damuwa iri ɗaya: talaucin birane. A 1869 aka kafa wata ƙungiya a Landan don tsara rabon sadaka. Wakilanta kan shiga gida-gida, su yi tambayoyi, su rubuta bayanin iyali, sannan a yanke wanda ya cancanci taimako. Hakika tsarin ya hana ɓarnar dukiya, amma ya sa matalauci ya zama kamar wanda ake tuhuma.

Inda hanyoyin biyu suka haɗu shi ne Toynbee Hall, gidan da Samuel da Henrietta Barnett suka buɗe a unguwar talakawa ta Whitechapel a 1884. Waɗanda suka yi karatu a jami'o'in Oxford da Cambridge kan tare a gidan, su zama maƙwabtan mutanen da suke son taimakawa, suna koyarwa, suna shirya wa yara wuraren haɗuwa. Jane Addams ta ziyarci gidan, ta koma Amurka ta buɗe irinsa a Chicago a 1889. Har yau fannonin biyu kowanne yana ƙirga waɗannan gidaje cikin tushensa.

Rabuwa ta zo ne da shigowar hukuma. Dokar yara ta 1948 ta ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin yaran da suka rasa kulawar iyaye, sai ma'aikacin jin daɗin jama'a ya zama mai aiki da ƙarfin doka da fayil da kotu. Kula da matasa kuwa aka bar shi a ɓangaren ilimi. Rahoton Albemarle na 1960 ya sa aka gina cibiyoyin matasa, aka kuma buɗe kwalejin horar da jagororinsu a Leicester. A ganinmu babban bambancin yana nan: matashi da ƙafarsa yake zuwa cibiya, ya tafi lokacin da ya ga dama, don haka dole jagora ya nemi amincewarsa da haƙuri da kyakkyawar mu'amala. Ma'aikacin jin daɗin jama'a kuwa sau da yawa sai matsala ta auku ake turo shi, ko iyali suna so ko ba sa so.

Ba kowace ƙasa ta bi wannan rabuwa ba. A Jamus doka ɗaya ce, ta 1990, ta haɗa kula da matasa da kare yara.

A Ingila kuwa, bayan 2010 tsuke bakin aljihun gwamnati ya rage kuɗin da ƙananan hukumomi ke kashewa kan hidimar matasa da fiye da rabi, aka rufe ɗaruruwan cibiyoyi. Dalili a fili yake: kare yaron da ke cikin haɗari wajibi ne da kotu za ta iya tuhumar hukuma a kansa, amma zauren da samari ke hira da wasa a cikinsa da yamma ba shi da irin wannan kariya. Abin da ya rage na kuɗin sai aka karkatar da mafi yawansa ga matasan da aka riga aka rubuta sunayensu cikin masu matsala, jagororin da dama kuma suka koma aiki kafaɗa da kafaɗa da ma'aikatan jin daɗin jama'a, su ma riƙe da fayil.