Gilashin da ke cikin ƙasar wata

A watan Disamba na 1972, Harrison Schmitt, masanin duwatsu ɗaya tilo da ya taɓa taka wata, yana bakin wani rami da ake kira Shorty sai ya ga ƙasa mai ruwan goro a ƙarƙashin takalminsa. A wurin da komai toka-toka ne, wannan abin mamaki ne. Da aka kawo ta duniya aka sa a madubin ƙara girma, ashe ƙananan ƙwayoyin gilashi ne mulmulallu, waɗanda aman wuta ya feso sama shekaru fiye da biliyan 3 da suka wuce, suka daskare kafin su faɗo.

Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda ƙasar kanta ta samu. Tamu ta duniya ruwa da iska da tsirrai ne suka yi ta. Wata kuwa ba ruwan sama, ba iska. Ƙasarsa dakakkiya ce, kamar hatsi a turmi: duwatsun sama manya da ƙanana ne ke ta faɗa masa, suna farfasa dutse har ya zama gari, wanda kaurinsa a wasu wurare ya wuce mita 10. Ƙwayar da ba ta kai tsabar yashi ba takan zo da gudun kilomita da dama a daƙiƙa guda, ta narkar da inda ta sauka. Narkakken ya haɗe ɓaraguzan da ke kusa, ya sandare ya zama gilashi mai duhu da ƙaiƙayi.

Tunda babu abin da zai goge bakinsu, ƙwayoyin suna nan da kaifinsu. Sun ci rigunan 'yan sama-jannatin Apollo, shirin da ya kai Schmitt wata, kuma Schmitt ya yi ta atishawa bayan ya shaƙi ƙurar a cikin kumbo.

Tafiye-tafiyen Apollo shida sun kawo kilo 382 na duwatsu da ƙasa, kuma ina jinjina wa waɗanda suka adana su da kyau. A 2008, masanin kimiyya Alberto Saal da abokan aikinsa suka gano burbushin ruwa a cikin irin wannan gilashin aman wuta, bayan an daɗe ana ɗaukar wata busasshe ƙayau. Kumbon Chang'e 5 na Sin ya kawo giram 1,731 na ƙasar wata a 2020, kuma a gilashin da ke cikinta ma an sami ruwa.