1 ga Oktoba: Ranar da ta haɗa Tafawa Ɓalewa, Muhammad Ali da George Weah

Da tsakar daren da ya wayi garin Asabar, 1 ga Oktoba, 1960, aka sauke tutar Birtaniya a filin sukuwa na Legas, aka ɗaga kore da fari da kore wadda Michael Taiwo Akinkunmi ya zana. Gimbiya Alexandra ce ta wakilci Sarauniyar Ingila a bikin, Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma ya ci gaba da riƙe ragamar gwamnati a ƙasar da yanzu ta zama mai cin gashin kanta. Tun daga lokacin duk ɗan Najeriya da ya ji an ce 1 ga Oktoba, tunaninsa ba ya wuce fareti da jawabin shugaban ƙasa. Amma ranar ba tamu ba ce mu kaɗai. A irinta ne a 1949 Mao Zedong ya tsaya a ƙofar Tiananmen da ke Beijing ya shelanta kafa Jamhuriyar Jama'ar Sin, kuma har yau Sinawa suna hutu na kwanaki saboda ita.

Gidajen rediyo da jaridu kan jero irin waɗannan abubuwa a filin "a rana irin ta yau", masu sauraro kuma su yi ta mamaki, wasu har su ce ranar tana da wani sirri. Ni a ganina filin yana da amfani ƙwarai, domin ta nan ne yara da yawa suke fara jin ƙamshin tarihi. Sai dai yana da kyau a gane yadda abubuwan suke taruwa a rana guda.

A ɗauki fagen wasanni. Ranar 1 ga Oktoba, 1975, Muhammad Ali da Joe Frazier suka haɗu karo na uku a damben zamani, a zauren Araneta da ke Quezon, gefen Manila ta ƙasar Filifin. Frazier ne ya ci karon farko a 1971, Ali ya rama a 1974, saboda haka wannan shi ne na raba gardama. Zafi ya yi tsanani a cikin zauren, su biyun kuma ba matasa ba ne, Ali yana da shekara 33. Turmi goma sha huɗu suka yi suna kirɓar juna, har idanun Frazier suka kumbura ba ya ganin hannun da ke zuwa masa. Kafin a shiga turmi na goma sha biyar sai mai horas da shi, Eddie Futch, ya hana shi tashi daga kujera, duk da Frazier ya so ya ci gaba. Wannan hukunci na Futch ya cancanci a riƙa tunawa da shi kamar yadda ake tuna nasarar Ali, don ya fifita ran yaronsa a kan kambu. Akwai kuma wani abin lura. Da hantsi aka yi damben a Manila, domin a Amurka a kalle shi da daddare, kuma a can daren 30 ga Satumba ne. Ke nan abu ɗaya ya faru a ranaku biyu, ya danganta da inda mai kallo yake zaune.

Bayan shekara biyu cif, a 1977, Pele ya yi wasansa na ban kwana a filin Giants da ke New Jersey. Ya buga wa ƙungiyar Cosmos kafin hutun rabin lokaci, ya ci ƙwallo da bugun tazara, sannan ya sauya riga ya ƙarasa wasan a ɓangaren Santos, ƙungiyar da ta raine shi a Brazil. Ali yana cikin waɗanda suka halarta. A wannan rana shugaban Amurka na lokacin, Jimmy Carter, ya cika shekara 53, a unguwar Clara Town ta talakawan Monrovia kuma wani yaro da kakarsa ke riƙo ya cika shekara 11. Sunansa George Weah. Shi ne mai horaswa Arsene Wenger ya kai Monaco a 1988 daga ƙungiyar Tonnerre ta Yawunde, ya zarce PSG da AC Milan, ya lashe kyautar Ballon d'Or a 1995, daga baya ya mulki Laberiya daga 2018 zuwa 2024. Da ya sha kaye a zaɓe a hannun Joseph Boakai ya amince ba tare da tada ƙura ba, abin da har yanzu yake wuya a nahiyarmu.

Carter kuwa, wanda aka haifa a Plains ta jihar Jojiya a 1924, yana da alaƙa da mu da ta wuce haɗuwar rana. Ya ziyarci Najeriya a 1978 yana kan mulki, bayan ya sauka kuma cibiyar da ya kafa ta ja ragamar yaƙi da kurkunu. Wanda ya taso a ƙauyen da ake shan ruwan tafki ya san wannan ciwo: manomi ya kwanta da damina, ana naɗe tsutsar a jikin tsinke kaɗan-kaɗan har tsawon makonni, gona kuma ciyawa ta cinye. A 1986 an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ne ke kamuwa da shi a shekara, a ƙarshen 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Najeriya da Nijar sun rabu da shi. Carter ya cika shekara 100 ranar 1 ga Oktoba, 2024, ya rasu a ƙarshen Disambar shekarar.

To me ya haɗa duk waɗannan? Lissafi ne. Ranakun kalanda ba su wuce 366 ba, har da 29 ga Fabrairu, kuma duk abin da ya taɓa faruwa a duniya dole ya faɗa cikin ɗayansu, kamar a zuba buhun gero a ramukan dara, babu ramin da zai rasa ƙwaya. Mutanen duniya sun haura biliyan 8, idan aka raba su a kan ranakun shekara kowace rana za ta tashi da fiye da mutum miliyan 20. A cikin wannan adadi ba za a rasa shugaba da mawaƙi da ɗan ƙwallo ba. Mawaƙin Senegal Youssou N'Dour da tsohuwar firaministar Birtaniya Theresa May su ma 'yan 1 ga Oktoba ne.

Masana lissafi suna da misalin da ke ba mutane mamaki. Idan mutum 23 suka taru, yiwuwar a sami biyu masu ranar haihuwa ɗaya ta ɗan haura kashi 50 cikin 100. 'Yan wasa 22 da alƙalin wasa sun isa. Dalili shi ne ba mutum ɗaya ake gwadawa da sauran ba, kowa ake gwadawa da kowa, kuma mutum 23 suna ba da haɗi biyu-biyu har 253. Idan suka kai 70, yiwuwar ta kai kashi 99.9. Malamin makaranta zai iya gwada wannan gobe a ajinsa.

Amma ba kome ne dacewa ba. Wasu abubuwan da gangan aka ɗora su a kan ranar, domin a ari martabarta. Najeriya ta zama jamhuriya ranar 1 ga Oktoba, 1963. Janar Olusegun Obasanjo ya miƙa mulki ga Alhaji Shehu Shagari a irin ranar a 1979. Janar Sani Abacha ya sanar da ƙirƙirar jihohi shida a 1996, ciki har da Zamfara da Gombe da Nasarawa, shi ya sa mutanen Gusau da Lafiya suke da biki biyu a rana ɗaya. Wanda ke gabatar da filin "a rana irin ta yau" ya kamata ya riƙa bambance wa masu sauraro abin da 'yan siyasa suka tsara da wanda ya zo haka kawai.

Ita kanta kalandar aikin ɗan Adam ce. A 1582 Fafaroma Gregory na 13 ya gyara ta, aka kwana Alhamis 4 ga Oktoba aka tashi Juma'a 15 ga wata. Ingila ba ta bi ba sai 1752, Rasha sai 1918. A lissafin Hijira kuma, wanda shekararsa ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, an sami 'yancin Najeriya ne a watan Rabi'ul Sani na 1380. Da wannan kalanda za a jera tarihi, da Ali da Pele da Weah duk sun watse zuwa watanni dabam-dabam.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda namu suke ƙaranci a irin waɗannan jerin. Mutum nawa ne suka san cewa 3 ga Agusta, ranar da Nijar ta sami 'yanci a 1960, ita ce ranar da Najeriya ta doke Ajantina da ci 3 da 2 ta ɗauki zinaren ƙwallon ƙafa a gasar Olamfik ta 1996, da Garba Lawal da Tijjani Babangida a cikin tawagar? Wa ke tuna 27 ga Yuli, ranar da Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a Burmi a 1903? Kakanninmu ba su yi sakaci ba, suna da tasu hanyar: sunan yaro ya nuna Asabe ce ko Ɗanjuma, Marka ce ko Ɗan'azumi, shekara kuma a danganta ta da wata yunwa ko naɗin wani sarki. Amma wannan hanya tana mutuwa tare da dattijon da ya riƙe ta. Shi ya sa yau za ka ga jerin mutane a kotu suna neman takardar rantsuwa ta shekaru, da yawa kuma an rubuta musu 1 ga Janairu don kawai a cike gurbi.

Yi wa jariri rajista a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ba aiki ne mai wuya ba. Iyaye su yi shi kafin a gama wankan jego, su rubuta ranar da Miladiyya da Hijiriyya su adana. Wanda kuma yake da tsoho a gida ya zauna da shi tun yana da ƙarfi, ya tambaye shi shekarun abubuwan da ya gani, ya rubuta.